Amsa: Gyambon hancin Baba ya zama kansa, akwai sauran magani?

'Yar'uwa, kin ce Baba zabiya ne, gyambon gefen hancinsa ya ƙi warkewa, an ɗebi tsoka an auna aka ce kansar fata ce mai suna basal sel, kuma ta yi zurfi. Allah ya ba shi lafiya.

Akwai magani. Da wuya irin wannan kansar ta bazu zuwa huhu ko ƙashin wani wuri, amma tana cin inda take sannu a hankali har ta kai ido. Muddin tana yankuwa, tiyata ce gaba da komai: a cire ta kakaf, a ɗebo fata daga wani sashe na jiki a rufe ramin. In ba ta yankuwa, sai gashi da na'ura, wato radiyoterafi.

Idan duka biyun ba za su yiwu ba, akwai ƙwayoyin sha: vismodegib da Amurka ta amince da shi a 2012, da sonidegib a 2015. Suna rage girman ciwon, amma shan su da wahala. Jijiyar ƙafa na ɗaurewa, gashi na zubewa, abinci ya zama salam a baki har mutum ya rame. Suna kuma nakasa ɗan tayi, don haka mai ciki ba ta sha. In sun gaza, akwai cemiplimab da ake sawa ta jijiya. Dukkansu da tsada da wuyar samu a wajenmu.

Don Allah kada a barbaɗa masa garin magani ko a yi masa sakiya. Ku kai shi asibitin koyarwa a makon nan, da takardar gwajin a hannu.