Amsa: Me zan kalla in na zo Sallah a Damagaram?

Ɗan'uwa, ka ce kwana biyu kawai za ka yi, to ka fara da Birni. Bayan an sauko idi ka tsaya ƙofar fadar Sarkin Damagaram: dogarai cikin ja da kore, kakaki na tashi, dawakai na zuwa gaisuwa. Ka je da wuri, in ba haka ba ƙeyar mutane kawai za ka gani.

Amma ni hawan ƙaho ne ke kai ni. Mahauci ya tunkari bijimi a fusace, ya rungume ƙahonin, makaɗa na zuga shi. Kada ka matsa kusa, igiya kan kuɓuce!

In kwananka ya kai Alhamis, leƙa kasuwar Dole, akwai kayan dukawa.