Wanke yadi kafin a haɗa bargon gado

Wa alaikumus salam ɗiyata, na ga saƙonki tun jiya da daddare, na bari ne sai na samu natsuwa don maganar tana da tsawo. Kince kinaso ki yanka tsofaffin manyan rigunan marigayi Babanku, Allah ya jiƙansa, ki haɗa da sabon satin na auduga da kika siyo a Kantin Kwari kiyi bargon gado mai auduga a ciki, sai Hajiyarku tace a al'ada ba a sa sabon yadi a ruwa kafin a ɗinka, shine kike tambaya ko kibi hakan.

Toh Hajiyarku gaskiya ta faɗa, amma akan kayan sawa take magana. Mu da muka taso shadda ba a jiƙa ta kafin a kai wa tela, saboda wannan ƙyallin da ƙaurin da take ƙara idan mutum yana tafiya shine kuɗin da aka biya, a masaƙa ake matse ta da manyan ƙarafa masu zafi har fuskarta tayi santsi, kina sa mata ruwa wani sashe ya tafi. Shi yasa Babanku in an wanke masa babbar riga sai an sa sitaci an kai wajen masu bugu, su ɗora ta kan gungumen itace suyi ta dukanta da kulake har ƙyallin ya dawo. Al'adar tana da dalilinta.

Bargo kuwa daban ne, kuma ina roƙonki ki wanke satin ɗin nan kafin almakashi ya taɓa shi. Rigunan Babanku sun sha wanki shekara da shekaru, duk tsukewar da zasuyi sun gama, shi kuwa sabon yadin auduga wankin farko yana iya cin inci 1 ko fiye a kowane yadi. In kika haɗa su haka, ranar da kika fara wanke bargon sabon zai tsuke, tsohon kuwa ya tsaya yadda yake, ɗinki ya tattare, kuma tsohuwar shadda da ta riga ta yi laushi ita ce zata yage a bakin ɗinkin. Ga zubar rini, musamman ja da shuɗi mai duhu. Ni da kaina na taɓa ɓata farin zanin gado na wata amarya da gefen jan yadi da ban jiƙa ba, wallahi har yau abin yana min ciwo don uwarta ta daɗe tana tara kuɗin.

Kar kiji tsoron ƙyallin satin zai gudu duka. Nashi a saƙar yake, zare ɗaya yana haye huɗu sannan ya shiga ƙarƙashin ɗaya, dogayen zaren nan da suke kwance a sama su ke ɗaukar haske. Mai kyau kuma an riga an tsoma zarensa a ruwan soda irin ta sabulu, dabarar da wani Bature John Mercer ya gano a Ingila a 1844, wannan ƙyallin baya fita da wanki. Furannin da kike gani a jikin shadda ma da irin wannan saƙar ake fito da su, shi yasa su biyun zasu zauna da juna da kyau. Amma fa ki tabbatar auduga aka baki, ki zare ɗan zare a gefe ki kyasta masa ashana, in ya ci da wari kamar takarda ya bar toka to auduga ce, in ya narke ya dunƙule roba ce, kar ki haɗa ta da shaddar Babanku.

Ruwan sanyi, sabulu mara ƙarfi, kowace kala a bokitinta, banda bilic. Kafin ki jiƙa ki bi bakin yadin da ɗinki don satin akwai zarewa. Kar ki murɗe shi kamar tsumma, ki matse a hankali ki shanya a inuwa, ki goge ta baya tun yana da ɗan danshi. Waɗannan dogayen zaren su ne kyansa kuma su ne rauninsa, zobe ko farce ko kaushin hannu na lokacin hunturu duk suna jan su, sai ki cire zobba, allurar keke kuma ki sa sabuwa siririya lamba 11 ko 12, tsohuwa mai dakusasshen baki zata bar miki layi a jiki. Da kike yankawa ki sa alama da alli a bayan kowane ƙyalle duk su kalli gefe ɗaya, in ba haka ba kina shimfiɗawa zaki ga wani ya yi haske wani ya yi duhu alhali yadi ɗaya ne. Yana da santsi kuma, sai kin fara kama shi da dogon ɗinkin hannu kafin ki hau keke.

Kuma naji kince ƙawayenki na cewa aikin Turawa ne. Ki kai su hawan sallah su kalli 'yan lifida, lifidin nan na jikin doki da mahayinsa yadi ne sama da ƙasa aka cusa audugar rimi a tsakani aka bi da ɗinki layi layi, da shi kakanninmu suka tare kibiya a fagen yaƙi. Ke dai kar ki sa audugar rimi a bargon da za a riƙa wankewa, dunƙulewa take, ki nemi shimfiɗaɗɗiyar auduga kuma layukan ɗinkinki kar su wuce faɗin tafin hannu tsakaninsu.

In zaki ajiye bayan sanyi ya wuce kar ki sa sitaci, yana kiran ƙwari, kar kuma ki ɗaure a leda da damina zai yi fumfuna. Ki naɗe shi cikin tsohon zani fari, ki riƙa sauke shi kina canja wajen ninkin. Wuyan rigunan mai aikin hannu ki yanke shi ɗungurungum ki ajiye min kar ki raba, in na zo Kano bayan sallah mu duba tare inda zai zauna a tsakiya. Ki gaishe min da Hajiyarku da yaran.