Amsa ga mai tambaya kan garin pre-workout

Salamu alaikum 'yan group. Ɗan'uwa da ya tambaya ko garin nan na pre-workout, wanda ake damawa a sha kafin motsa jiki, da ake kawowa daga Duwala yana ƙara ƙarfi ko asarar kuɗi ce kawai, bari in faɗa maka abin da na gani, shekara shida kenan ina ɗaga ƙarfe a nan Garwa.

Yana aiki kam, amma yawancin abin da kake ji kafeyin ne, sinadarin nan da ke cikin kofi da shayi da goro. Ludayi ɗaya yakan ɗauki miligiram 150 zuwa 300, alhali kofi ɗaya bai cika wuce 100 ba, kuma hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce babba mai lafiya kar ya wuce 400 a yini. To kai da ka sha Nescafé wajen mai shayi da safe, ka tauna goro da rana, lissafa da kanka.

Ni ranar farko na sha ludayi cike bayan la'asar a cikin zafin watan Afrilu, kun dai san Garwa, sama da digiri 40. Kafin in gama zagaye na biyu zuciyata na bugawa kamar ana daka a turmi, gumi har cikin ido, fuska da kunnuwa suna ƙaiƙayi kamar tururuwa na bi na, na zauna a kan benci ina salati. Daren nan idona biyu har aka kira assalatu, ashe kafeyin sai ya yi wajen awa biyar kafin ma rabinsa ya fita daga jiki. Ƙaiƙayin kuwa wani sinadari ne a cikin garin mai suna beta-alanine ke kawo shi, ba ya cutarwa, amma ba alamar ƙarfi ba ne kamar yadda samari ke zato a sal, wato gidan ɗaga ƙarfe, shi sai an yi makonni ana sha kullum kafin a ga amfaninsa.

Idan har sai ka saya, juya gwangwanin ka karanta bayansa. Wanda ya rubuta proprietary blend bai faɗi giram nawa ne kowane sinadari ba, ajiye musu kayansu. In ka ga an rubuta DMAA ma, wani sinadari mai zaburar da jiki, kar ka tsaya ciniki, Amurka ta hana shi a irin waɗannan kayan saboda yana ta da hawan jini. Ni an taɓa sayar min da wani gwangwanin pre-workout a kasuwa, garin ya daskare kamar kanwa, kwanan watan ma an kankare shi, dubu 20 ta tafi a banza. Masu tansiyo, wato hawan jini, ko ciwon zuciya su ga likita tukuna, masu haɗa shi da tramol kuma wallahi ku ji tsoron Allah.

Yanzu creatine monohydrate kawai nake saye, wani gari ne daban mai taimaka wa ƙarfin tsoka, giram 3 zuwa 5 kullum ko wane lokaci, shi dai an fi bincikarsa kuma na ga nauyin da nake ɗagawa ya ƙaru bayan kamar wata guda. Minti 45 kafin in shiga sal, kofi ɗaya baƙi da dabino biyar da gorar ruwa babba. In kuma motsa jikin na yamma ne, kofin ma bar shi nake yi.