Amsa ga Alhaji kan shigo da naman kangaru

Salamu alaikum. Alhaji, na ji tambayarka, wai waɗanne takardu ake nema kafin a shigo da naman kangaru. To, takarda ba ita ce farko ba. Abin da ya kamata ka fara ganewa shi ne ba a kiwon kangaru, ba a kai shi mayanka da rai. A daji ake harbinsa a Ostireliya, da daddare, maharbi mai lasisi, kuma doka ta ce a ka za a harbe shi. Nan take a farke cikin, a fitar da hanji, a rataye shi a bayan mota, a maƙala masa lamba. Huhu da zuciya da hanta ana barin su a jiki don mai duba nama ya gani a masana'antar sarrafa naman.

Duk haɗarin yana wannan tsakanin. Dole gawar ta shiga ɗakin sanyi kafin awa 2 bayan fitowar rana, kuma cikin awa 24 sanyin tsokar ya sauko zuwa digiri 7. In wuƙa ta huda hanji, ko ƙura ta bi naman, shi ke nan, ƙwayoyin cuta irin su E. coli da salmonela sun samu wurin zama.

Ka duba Rasha mana. A da su ne suka fi kowa sayen naman nan, amma a 2009 suka rufe ƙofa saboda ƙwayoyin cutar da suka riƙa samu a ciki. Aka sasanta, aka buɗe, a 2014 suka sake rufewa. Kasuwa mafi girma fa! Kuma kayan duk da takardunsu suka iso. Shi ya sa nake cewa... to, bari dai in koma kan takardun.

Masana'antar ta kasance cikin waɗanda hukumar noma ta Ostireliya ta yi wa rajistar fitar da nama, hukumar kuma ta ba ka takardar shaidar lafiya a kan kowane kaya. Izinin shigowa kuma daga ƙasarka za ka karɓa tun kafin a yi lodi, ba sai kwantena ta iso tashar ruwa ba. A Najeriya ka fara da hukumar NAQS, mai tantance lafiyar dabbobi da kayan noma da ake shigowa da su, da NAFDAC, ka kuma duba jerin kayan da kwastam ta haramta. Naman ya zo daskararre, digiri 18 ƙasa da sifili, kuma ka nemi bayanan na'urar da ke auna sanyin kwantenar tun daga lodi.

Sannan a dafa shi sosai, don akwai toksoplasma, wata ƙwayar cuta mai illa ga ɗan tayi, mai ciki ta kiyaye. Batun halacci kuwa, tunda harbi ne ba yanka ba, wannan ka kai wa malamai kafin ka zuba kuɗinka.