Amsa: Karat 50 oza nawa ne a ma'aunin Ingila?

Ɗan'uwa, ka ce dutsenka karat 50 ne, mai saye kuma yana son nauyinsa da oza. Fara mayar da shi giram. Karat ma'aunin nauyin duwatsu masu daraja ne, ɗaya giram 0.2 ne cif, haka aka tsayar tun 1907, don haka dutsen naka giram 10 ne.

Inda mutane ke tuntuɓe shi ne, oza iri biyu ce a wajen Turawan Ingila. Ta cefane, wadda 16 ke cika laba guda, giram 28.35 ce, wato karat 141.75. Ta maƙeran zinariya da azurfa, wadda suke kira troy, ta ɗan fi nauyi: giram 31.1, kusan karat 155.5. A ta farko dutsenka oza 0.353 ne, a ta biyu 0.322. Ka tambaye shi wacce yake nufi kafin a yi maganar kuɗi.

In da giren yake lissafi, wato ɗan ƙaramin ma'aunin nauyi na Turawan Ingila, ninka karat da 3.086, za ka samu giren 154 da 'yan kai.

Ni dai shawarata, a rubuta cinikin da karat. Ko Cullinan, daimon ɗin da aka haƙo a Afirka ta Kudu a 1905, mai karat 3,106, bai kai laba ɗaya da rabi ba, balle naka da ko rabin oza bai cika ba.