Sabuwar fedal-sitil ɗina tana ƙugi: in karya ƙafar filogi?

TAMBAYA

Malam, barka da aiki. Ni makaɗin jita ne a Jos, shekara 9 ina kaɗawa a coci da wuraren biki. Tun ina yaro kukan nan da ke bayan muryar Don Williams a kaset ɗin babana ya shiga raina, daga baya na gano jitar kwance ce mai feda, wato fedal-sitil. Fili na sayar na sa wani maƙeri a Amurka ya haɗa mini tawa: wuya ɗaya, tsirkiya 10, saitin E9, feda 3, libar gwiwa 4, jikin katakon mapul mai jan banish, fikof (na'urar da ke ɗaukar sautin tsirkiya) mai naɗi ɗaya. Kyau kam ba a magana. Amma ina jona ta sai ƙugi, sautin siriri, in na taka feda na saki tsirkiya ba ta komawa daidai, gwiwata kuma ba ta kai ga liba sai na karkace. Abokina ya ce laifin banish ne, da fomeka na zaɓa. Mai haɗa mana sauti ya ce a karya ƙafa ta uku ta filogin amfilifaya. Mun gwada a wani filogi, ƙugin ya kuwa ragu. Barci ya gagare ni. Kuɗina sun bi ruwa ke nan?

AMSA

Kwantar da hankalinka, ƙanena, filinka bai tafi a banza ba. Cikin duk abin da ka lissafa ban ga alamar lalatacciyar jita ba. Abu ɗaya ne ya tayar mini da hankali, filogin da kuka gwada. Kafin ka gama karanta wannan amsa, tashi ka zare shi ka jefa a shara.

Maganar banish ba za ta ɗauke mu lokaci ba. Musun fomeka da banish ya girme ka, masu wannan kiɗa suna yin sa tun zamanin da kamfanin Sho-Bud ke fitar da jikin mapul mai sheƙi, kamfanin Emmons kuma ya fito da na fomeka mai wuyan alminiyom. Har zolaya suke yi cewa baƙar fomeka ta fi kowace daɗin sauti. Akwai ɗan bambanci, amma bai kai wanda ke tsakanin hannun mutum biyu a kan jita ɗaya ba, kuma banish bai taɓa sa jita ƙugi ba. Abin da ya kamata ka ji wa tsoro shi ne hunturun Jos. Katako yana tsukewa in iska ta bushe, banish ya tsattsage kamar ƙasar fadama a rani. Kada ka bar ta a but ɗin mota da rana, in kuma ka shigo da ita daga sanyi bar akwatin a rufe ya ɗan jima kafin ka buɗe.

Siririn sauti kuwa, matsar da hannunka na dama nesa da injin canji, wato ƙarfen gefen dama da tsirkiyoyi ke zaune a kai, ka danna sandar ƙarfen da ke hannun hagunka da nauyi kaɗan, ka rage tirebul a amfilifaya. Kukan da ka ji a kaset ɗin Baba, mafi yawansa hannun Lloyd Green ne, mutumin da ya shekara da shekaru a situdiyon Nashville. Jitarka ko wata uku ba ta yi a hannunka ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ajiye sauran wasiƙu na ɗauki taka.

Kusan kowane mako sai an kawo mini amfilifaya da karyayyar ƙafa, ko in buɗe filogi in tarar an kwance wayar nan mai kore da ɗorawa, wato wayar ƙasa da ke haɗe da ƙafa ta uku, an lanƙwashe ta gefe. In na tambaya sai a ce injiniya ne ya yi. Wane injiniya? Yaron da ya iya naɗe kebul a bayan motar haya. Abin da ke ba ni haushi shi ne dabarar tana aiki, shi ya sa ta ƙi mutuwa. Idan amfilifayarka na soket ɗaya, mikisa na wani soket, kuma kebul ɗin sauti ya haɗa su, wata 'yar wuta takan riƙa zagayawa ta wayoyin ƙasa, ita ce kake ji tana zuuu. Ka yanke wayar ƙasa, zagayen ya katse, ƙugi ya yi shiru, a tafa wa injiniya. An kashe maciji ba a sare kansa ba, an ma sa shi a aljihu.

Dubi yadda kayanka suke a haɗe. Tsirkiyoyinka na zaune a kan injin canji, shi kuma an haɗa shi da bakin da kebul ke shiga, kebul ɗin ya kai ga ƙarfen jikin amfilifaya. Wato duk lokacin da ka ɗora hannu a tsirkiya, jikin amfilifaya ka taɓa. Aikin ƙafa ta uku shi ne ranar da wata waya ta goge ko wani kafasita ya lalace a ciki, wutar ta bi ta can ta gudu ƙasa, fis ya ƙone, a tsaya a nan. Idan babu ita, wutar za ta zauna a jikin ƙarfen tana jiran hanya, kuma wutarmu bolt 230 ce, kusan ninki biyu na 120 ɗin Amurka. Mai jitar rataye ma yana cikin haɗari, balle kai. Hannun hagunka na riƙe da sandar ƙarfe, yatsun damanka sanye da faratan ƙarfe, gwiwoyinka na jingine da liba, ƙafarka a kan feda, wasu ma takalmi suke cirewa don su ji fedar sosai. Ga gumi. Sai ka sunkuya ka kai leɓe ga makirfo mai wayar ƙasa lafiyayya, ka zama kai ne wayar da ta rage. Abin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ɗaya ba ya isa ya hargitsa bugun zuciya, kuma tun kafin a kai nan tsoka take ƙanƙamewa, hannu ya kasa sakin abin da ya riƙe.

Ba tatsuniya nake maka ba. A watan Mayun 1972 Les Harvey, makaɗin jitar ƙungiyar Stone the Crows, ya taɓa makirfo marar wayar ƙasa a kan dandamali a garin Swansea na Birtaniya, ya mutu yana da shekara 27. A 1976 Keith Relf, wanda ya yi waƙa a ƙungiyar Yardbirds, ya mutu a gidansa yana kaɗa jitar da kayanta ba su da wayar ƙasa ta kirki. Ni kaina na ɗanɗana a wani ɗakin biki a Kaduna. Ina riƙe da sanda na kai baki zan ce a ƙara mini sauti, sai na ga wani farin haske, na farka a ƙasa kujera a kaina, leɓena ya kwana uku a kumbure. Da muka bincika, ashe doguwar wayar da aka ja daga janareto biyu ce kawai a cikinta. Mai wurin cewa ya yi ai shekara nawa ana amfani da ita ba wanda ya mutu. Irin wannan magana ce ke kashe mutane, kuma duk wanda ya ba ɗan'uwansa irin wannan shawara, in abu ya faru, kada ya ce ƙaddara ce kawai. Da hannunsa a ciki.

Ga yadda ake farautar ƙugi ba tare da an sa rai a caca ba. Mayar da fedar ƙarar sauti baya gaba ɗaya. Idan ƙugin ya ɗauke, daga ɓangaren jita yake shigowa. Fikof mai naɗi ɗaya kamar eriya yake, yana kwasar duk wata hayaniyar lantarki da ke kusa: cajar waya, doguwar fitila, musamman taransifomar rage wuta da na tabbata ka ajiye a gindin ƙafarka in amfilifayar ta Amurka ce. Nisanta ta, sannan ka juya jitar a hankali kamar mai neman tasha a rediyo, za ka sami kusurwar da ƙugin ya faɗi. In wurin da kake kiɗa ya ƙi, sa fikof mai naɗi biyu, irin na George L's ko Bill Lawrence, aikin rabin awa ne. Idan kuwa ƙugin na nan ko da feda a rufe, zagayen nan ne ko wayarin ɗin ginin. Jona amfilifaya da mikisa a layi ɗaya, ko ka bi ta akwatin DI, ƙaramar na'urar da ake sawa tsakanin kayan kiɗa da mikisa, mai makunnin raba ƙasa, wanda ke katse zagayen a kebul ɗin sauti, ya bar wayar ƙasa ta filogi yadda take. A kuma sa mita a auna taransifomar, domin da yawa daga masu arahar nan ramin ƙafa ta uku ado ne, ba a haɗa shi da komai ba.

Rashin komawar tsirkiya yawanci daga saiti ne. Fara da makullai, tsirkiya a sake, sannan ka taka feda ka saita da notin roban da ke gefen dama. Idan ka ɗaure notin har sandar da ke jan tsirkiya ba ta da ɗan sassauci, tsirkiya ba za ta taɓa komawa gida ba, sai ka kwance shi ka sake. Ɗigon man keken ɗinki a 'yan tayoyin da tsirkiya ke bi a kai ya wadatar, kada ka kusanto da giris, ƙura zai tara ya zama kwaɓa. In kuma ka taka feda A da B ka ga tsirkiya ta 4 ta ɗan sauka a mita, jikin ne ke ɗan lanƙwasa, kowace fedal-sitil tana yi.

Liba ana matsar da ita, akwai sukurun kusurwa a gindin kowace. Kifa jitar a akwatinta ka duba, in kuma kai dogo ne ka nemi maƙerin ya aiko maka da kayan ƙarin tsawo na inci 1 ko 2. Sannan ka kira mai wayarin na gaske ya auna soket ɗin cocinku, ya sa na'urar katse wuta mai miliamfiya 30 a layin makaɗa, kafin ranar Lahadi.