Ziyarar haikalin Tirumala a Indiya

Malam, ka tambaya ko wanda ba Hindu ba zai iya shiga haikalin Tirumala da ke jihar Andhra Pradesh. Zai iya, amma sai ya sa hannu a takardar cewa ya yi imani da Venkateswara, abin bautarsu. Ni dai a nan na ja birki, na tsaya waje.

Ko daga wajen ma ido ya sha kallo. Na hau dutsen da haikalin yake kai da ƙafa daga Alipiri da ke gindinsa, matakala 3,550, gwiwa ta ji jiki. A sama kuwa, maza da mata, har da jarirai, an aske musu kai ƙwal don cika alkawari, wasu sun shafe kan da kwaɓin garin itacen sandal mai launin rawaya. Layin shiga yakan ci sa'o'i. Ka tafi da sassafe.